Sharhi kan horon ɗaliban harhaɗa magunguna a wani babban asibitin Zamfara

Duk ɗalibin harhaɗa magunguna, ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato yake karatu, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, akwai ranar da za a miƙa masa takarda a ce ya je asibiti ya koyi aiki. 'Yan Zamfara da yawa gida suke dawowa, saboda sauƙin masauki da abinci. Wannan sharhi a kan sashen magani ne na ɗaya daga cikin manyan asibitocin gwamnati na jihar, wanda ke karɓar irin waɗannan ɗalibai, masu shirin SIWES na koyon aiki a lokacin karatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara tun 1973, da kuma masu zagayen ɗakunan marasa lafiya na shekarun ƙarshe a tsarin digirin harhaɗa magunguna na PharmD mai shekara 6. Hukuncina shi ne wuri ne da ya cancanci a je, domin cututtukan da ɗalibi ya haddace a littafi zai tarar da su kwance a kan gado. Sai dai koyarwar ba ta da tsayayyen tsari, kuma wanda bai iya tambaya ba zai iya cinye watanninsa yana ƙirga ƙwaya yana zubawa a leda.

Wannan horo daban yake da aikin shekara ɗaya da ake yi bayan kammala karatu a ƙarƙashin PCN, hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna, wanda daga shi ake rubuta jarrabawar samun lasisi. Ɗalibi ba shi da lasisi, don haka duk maganin da ya haɗa sai idon ma'aikaci mai lasisi ya bi ta kansa kafin ya isa hannun majiyyaci. Da safe ana kiyaye wannan ƙa'ida sosai. Da yamma, lokacin da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da taga da sito da kiran ɗakin gaggawa, sai ka ga ɗalibi shi kaɗai a kujera. Ɗalibin da ya san ciwon kansa ya ajiye takardar ya jira, ko da layi zai yi ta guna-guni.

Makon farko a sito ake yin sa, kuma ɗalibai sukan raina shi, alhali nan ne koyarwar sashen ta fi tsari. Ana fara wa da katin kaya da ke ajiye kusa da kowane magani: ranar shigowa, inda ya fito, lambar rukunin da aka sarrafa shi, ranar ƙarewar wa'adi, nawa ya fita, nawa ya rage. Wanda wa'adinsa zai riga ƙarewa shi ke riga fita, ko da jiya ya shigo. Kwali ba ya zama a daɓe, sai a kan katako mai tsayin santimita 10 aƙalla, a bar santimita 30 tsakaninsa da bango, jerin kuma kada ya haura mita 2.5. Mai kula da sito yana sa ɗalibi ya ƙirga da hannunsa ya gwada da abin da kati ya ce, in aka sami bambanci kuma ba a tashi sai an gano inda ya shiga. A nan ne kuma ake nuna masa lambar rajistar NAFDAC, da wurin da ake kankarewa a aika lamba ta waya don tantance jabu a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu masu kashe ƙwayoyin cuta.

Zafi shi ne babban abokin gabar sito a wannan yanki. A Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, alhali yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Na'urar sanyaya ɗaki tana bin wutar lantarki, in an ɗauke ta tsaya. Firjin kuwa a kan sola yake, kuma wannan abin yabo ne. Dole ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba a rubuta safe da yamma. Abin da ke lalata wannan takarda shi ne ɗalibin da ke kallon layin jiya ya kwafa, sai ka ga wata guda cur digiri 5 ne a jere, abin da firji mai buɗewa da rufewa ba ya yi. Amfanin rubutun shi ne a kama ranar da ya kauce. Oksitosin, allurar tsuke mahaifa, in ya daɗe cikin zafi ƙarfinsa raguwa yake yi ba tare da launinsa ya sauya ba, a yi wa mai jego allura mahaifa ta ƙi tsukewa, jini ya ci gaba da zuba. Sanyi mai yawa ma ɓarna ne. Insulin da ya daskare ya tashi aiki, haka allurar rigakafin tetanus da aka jingina da bangon ƙanƙara.

Lissafin oda ma a sito ake koyon sa. A haɗa abin da aka fitar a wata uku a raba uku, a sami na wata ɗaya. Wurin da ake faɗawa rami biyu ne. In magani ya yanke kwana goma a cikin wata, adadin da aka fitar bai nuna ainihin buƙata ba, sai an gyara lissafin da kwanakin da babu shi. Sannan wanda ya ɗauki Fabrairu zuwa Afrilu ya yi odar maganin zazzaɓi da shi, Agusta za ta tarar da shi da kanta wayam.

Daga sito sai tagar masu zuwa su koma gida, inda ɗalibi zai fi daɗewa, kuma inda sashen ya fi ba ni takaici. Layi yana da tsawo, taga ƙarama ce, hayaniya ta yi yawa, don haka abin da aka saba shi ne a zana layi biyu ko uku a jikin leda a ce "safe, rana, dare" a miƙa. Ɗalibin da ya ga manya na yin haka, haka zai koya. Amma dai akwai ma'aikata biyu ko uku da ba su yarda da wannan ba, kuma wanda ya liƙe musu zai ga yadda ake yi. Sukan fara da tambaya kafin su taɓa magani: na wa ne, shekararsa nawa, kilo nawa aka auna, akwai ciki ko shayarwa, me aka riga aka sha daga kemis, an sha jiƙo ko wani sassaƙe? Tambayar kemis ɗin nan ita ce ke hana a ninka farasitamol, domin yawancin haɗe-haɗen mura da ciwon jiki suna ɗauke da shi, babba kuma bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba.

Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro mai atemeta da lumefantirin, wanda mutane suka fi sani da Coartem. Da nauyi ake bayar da shi. Ƙwaya mai ƙarfin 20/120, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 guda ɗaya yake sha a kowane lokaci, 15 zuwa ƙasa da 25 guda biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 guda uku, daga 35 zuwa sama guda huɗu. Sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran kuma safe da dare. Akwai kuma mai ƙarfin 80/480 wanda babba guda ɗaya tak yake sha, kuma ɗalibin da ya haddace "babba huɗu" bai duba kwali ba zai iya ninka wa mutum magani sau huɗu. Lumefantirin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, shi ya sa ake cewa a sha da nono, ko bayan abinci mai man gyaɗa, jariri kuma a ba shi mama nan take. In yaro ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi, a dawo a karɓi cikon. Dubi yadda ƙwararren ma'aikaci ke rufe maganar da uwa:

"Inna, yanzu ƙarfe goma. Ki ba shi ɗaya yanzu a gabana. Na biyun yaushe ke nan?"

"Da dare, ɗana?"

"A'a, Inna, gab da magariba, ƙarfe shida. Gobe da jibi kuma safe da dare. Ko jikin ya yi sanyi gobe, kada ki ajiye sauran don ƙaninsa. Maimaita mini in ji."

"Wanga yanzu, wanga magariba."

Wannan "maimaita mini in ji" ita ce abu mafi daraja da ɗalibi zai ɗauka daga taga. Ba ta cin minti ɗaya. Lura kuma da yadda ya ɗaura lokacin shan magani a kan lokutan salla, domin su ne agogon da kowa ke riƙe da shi a ƙauye da birni.

Shawarar nono ɗin nan ba ta kowane magani ba ce, kuma nan ɗalibai ke rikicewa. Sifirofuloksasin da tetirasaikilin, kalsiyam ɗin da ke cikin nono kama su yake yi a hanji ya hana su shiga jini, haka ma ƙwayar ƙarin jini da maganin gyambon ciki mai alli. A wurin da fura da nono ke zama abincin rana, in ba a faɗa wa mutum ya raba su da aƙalla awa biyu ba, ya sha maganin banza. Mai jego mai hawan jini kuwa sai an tambaye ta kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce, tana yaƙi da maganin da aka ba ta. Mai shan maganin hawan jini na lisinofiril in ta sami ciki dole a sauya mata, galibi zuwa metildofa. Da azumi ya gabato, mai ciwon suga da ke shan gilibenkilamaid yana cikin haɗarin faɗuwar suga da rana. Likita ne zai sake tsara masa, yawanci a mayar da kaso mafi girma lokacin buɗa baki, amma mai ba da magani ne zai gaya masa cewa in ya ji rawar jiki da zufa, ko na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70, ya karya azumin nan take.

Magungunan yara na ruwa suna da nasu tarkon. Farasitamol miligiram 15 ne a kowane kilo, saboda haka yaro mai kilo 12 yana buƙatar 180. In kwalbar mai 120 ce a cikin mililita 5, mililita 7.5 ke nan, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini. "Cokali ɗaya" ba awo ba ne, domin cokalin kowane gida da girmansa. A nuna layin a jikin murfin awo ko sirinji. Garin amoksisilin na kwalba da tafasasshen ruwan da ya huce ake haɗa shi, a zuba rabi a girgiza, sannan a cika zuwa layi, kuma yawanci bayan kwana 7 zubarwa ake yi. Ga gidan da ba firji, ƙwayar amoksisilin mai narkewa ta miligiram 250 ta fi, a narka ta a ɗan ruwa ko ruwan mama lokacin da za a sha. Gishirin gudawa a duba jikin fakitin: in na lita ɗaya ne, ledar ruwa biyu ce masu santilita 50, kuma abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar. Tare da shi ake ba da zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Iyaye sukan daina zink da zarar gudawa ta tsaya, sai an gaya musu cewa cikon kwanakin ne ke rage dawowarta.

Inda horon ya fi armashi shi ne ɗakin gaggawa na yara, musamman ga wanda ya dace da damina. Duk da rabon maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana yi wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin ruwa, gadaje cika suke yi da masu zazzaɓi mai tsanani, wasu da jijjiga, wasu jini ya ƙare. A nan ɗalibi zai haɗa allurar atesunet har hannunsa ya saba. Kwalbar garin miligiram 60 ce. A zuba mata mililita 1 na sodiyam baikabonet da ke cikin kwalin, a girgiza. Da farko ruwan zai yi gauraye-gauraye, a ci gaba har ya washe tas, in ya ƙi washewa a jefar. Sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti ko na suga mai kashi 5 cikin ɗari in ta jijiya za a yi, ya zama miligiram 10 a kowane mililita. In ta tsoka ce mililita 2 ake ƙarawa, ya zama 20. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne a kowane kilo, daga 20 zuwa sama 2.4. Mai kilo 12 ke nan 36, wato mililita 3.6, a cike zuwa 4. Ana turawa a hankali ta jijiya, ba a zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa. Allura uku ce aƙalla: yanzu, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan in yaro ya iya haɗiya a ba shi cikakken maganin baki na kwana uku.

Kurakuran da ake gani a nan kusan kullum iri ɗaya ne. Wani ya zuba ruwan gishiri kafin baikabonet, garin ya ƙi narkewa. Wani ya yi wa ƙaramin yaro lissafi da 2.4. Mafi yawa kuma, uwa ta sayi kwalba da kuɗin da ta ranto, an yi amfani da rabi, sai tausayi ya sa a ajiye sauran don allurar dare. Atesunet da aka haɗa ba ya wuce awa ɗaya. Hanyar rage asara ita ce a haɗa yaran da lokacin allurarsu ya zo ɗaya, ko a nemi kwalba mai miligiram 30 in akwai. Nas-nas na wannan ɗaki suna da haƙurin koyarwa, kuma ɗalibin da ya gaishe su da ladabi ya ce "Sista, a nuna mini" zai koyi fiye da abin da ke cikin jadawalinsa. Su ne za su fara ja masa kunne cewa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta seftiriyazon ba ta haɗuwa da ƙarin ruwa na Ringer a layi ɗaya saboda kalsiyam ɗin da ke cikinsa, ga jariri sabon haihuwa kuwa haɗarin har rai yake kaiwa.

Ɗakin haihuwa kwana kaɗan ake ba shi a jadawali, kuma a ganina an tauye shi, ganin yawan matan da ake kawowa daga ƙauyuka suna taune-taune. Magnesiyam salfet mai kashi 50 cikin ɗari ake ajiyewa. Don allurar farko ta jijiya ana zuƙo mililita 8, giram 4 ke nan, a ƙara ruwan allura mililita 12 ya zama 20 mai kashi 20 cikin ɗari, a tura a hankali cikin mintuna, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu. Bayan nan giram 5 duk awa 4, ana sauya gefe, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura sai an duba abu uku: numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa tana harbawa in an buga, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Aikin ɗalibi a nan shi ne ya buɗe akwatin gaggawa ya tabbatar akwai kalsiyam gulukonet, mililita 10 mai kashi 10 cikin ɗari, wanda shi ne makarin magnesiyam in ya yi yawa, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Sau da yawa shi ne abin da babu.

A ɗakunan manya, zagayen likitoci ne makaranta, amma sashen magani ba kullum yake tura ma'aikaci ya bi zagayen ba, sai ɗalibai su tsaya can baya ba mai gabatar da su. Wannan babban giɓi ne, domin tsarin PharmD don wannan aka kawo shi. Wanda zai amfana sai ya riga zagaye zuwa, ya ɗauki fayil uku ko huɗu, ya rubuta kowane magani da dalilinsa, ya duba gwajin ƙoda. Misali dattijo ɗan shekara 60, kilo 55, kiriyatinin, wato abin da gwajin ƙoda ke aunawa a jini, 180 a ma'aunin maikuromol. A cire 60 daga 140, saura 80, a ninka da 55, a ninka da 1.23, a raba da 180: kusan mililita 30 a minti, ƙarfin tacewar ƙodarsa ke nan. Ga mace 1.04 ake sawa a madadin 1.23. Wannan dattijo in yana kan allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin sai an sake duba adadi da tazara, metfomin na ciwon suga ya kai bakin iyakarsa, daikulofenak na ciwon jiki kuwa a janye shi. Ɗalibai da yawa sun haddace lissafin mai 72 a ƙasa, wanda na ma'aunin miligiram ne, sai su cusa 180 a ciki su sami amsar da ba ta da ma'ana. In za a bi wannan hanya sai an fara raba 180 da 88.4. Yadda za a faɗa wa likita ma abin koyo ne. Ba a tsakiyar jama'a ake cewa an yi kuskure ba. A matsa kusa a ce, "Likita, na ga gwajin ƙodar Baba na jiya, ko za a duba jentamaisin ɗin?" Mafi yawansu suna karɓa da hannu biyu.

Sashen masu tarin TB da cuta mai karya garkuwar jiki ya fi ko'ina tsari. Akwai ɗaki mai ƙofa, akwai kujera, rajista cike take, kuma ana zama da mutum a yi magana a asirce. Nan ɗalibi zai koyi maganin tari na wata 6, wata 2 da magani huɗu, wata 4 da biyu, da gaya wa majiyyaci tun ranar farko cewa rifamfisin zai mayar da fitsarinsa ja, kada ya tsorata ya daina. Zai koyi cewa mai shan TLD, haɗaɗɗen maganin cuta mai karya garkuwar jiki, in ya fara rifamfisin sai an ƙara masa dolutegirabir miligiram 50 bayan awa 12, kuma rifamfisin yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Da za a kwafi tsarin wannan ɗaki a kai babbar taga, da rabin ƙorafina ya tafi.

Akwatin magunguna masu sa maye, su fetidin da mofin, a kulle yake, makulli a hannun mutum ɗaya, kuma ɗalibi kallo kawai yake yi. Daidai ne. Ana rubuta rajistar da biro, ba a gogewa, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu. Kwalbar da aka fasa ana dawo da ita fanko, ragowar da ba a yi amfani da shi ba a zubar a gaban shaida. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, masu nema suka ƙara karkata ga tiramadol da makamantansa, don haka ana koya wa ɗalibi ya lura da takardar da aka ƙara wa sifili, ko wadda ba hatimi, ko mutumin da ya san sunan magani da ƙarfinsa fiye da ciwon da ya kawo shi.

Abubuwa uku ne kusan ba a koyarwa. Fom ɗin NAFDAC mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani yana nan cikin durowa, ƙura ta rufe shi, alhali abu huɗu kawai yake buƙata: majiyyaci, maganin da ake zargi, abin da ya faru, da mai kai rahoto. Ana kwantar da mutanen da fatarsu da leɓɓansu suka saɓule kamar wuta ta ƙone su bayan shan Septrin ko Fansidar, a yi jinya a sallame su ba a cike ko ɗaya ba. Haɗa magani da hannu ma ya kusa mutuwa. Sikelin ɗakin ya daɗe ba a daidaita shi ba, jaririn da ke buƙatar ɗan mitsitsin kaso na maganin zuciya kuma sai a ce wa uwa ta raba ƙwaya gida huɗu da reza, abin da ba ya taɓa fitowa daidai. Na ukun ya fi damuna. Jihar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinya, bai kamata ɗalibi ya gama horo a cikinta bai taɓa jin yadda ake ba da DMSA, maganin fitar da dalma daga jiki, ba: miligiram 10 a kowane kilo sau uku a yini na kwana 5, sannan sau biyu na kwana 14, kuma ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ake daka dutsen zinariya a tsakar gida. Haƙar ba ta tsaya ba. Zama ɗaya na awa biyu ya isa a koyar da wannan, haka ma darasin annobar sanƙarau da ta auka wa jihar a 2017.

Littafin aikin da makaranta ke bayarwa, a ƙa'ida duk mako mai kula da ɗalibi zai karanta ya yi tambaya ya sa hannu. A aikace, yawanci ranar ƙarshe ake tara su a sa hannu a jere. Saboda haka wanda ya yi aiki da wanda ya zo sau biyu a mako sakamako ɗaya suke fita da shi. Gabatar da majiyyaci da ake yi a sashen lokaci-lokaci ya fi littafin amfani nesa ba kusa ba, domin a nan ake titsiye ɗalibi: me ya sa wannan magani, me ya sa wannan adadi, me za ka duba gobe? Ɗalibi ya nemi a sa sunansa tun makon farko, kada ya jira a zaɓe shi.

Ga mai shirin zuwa, ya kai takardarsa da wuri, domin gurbi kaɗan ne kuma ɗaliban kwalejojin kiwon lafiya ma suna nema. Asibitin ba ya ba ɗalibi masauki, kuma kada ya dogara da alawus ɗin SIWES wajen kuɗin mota, don ba ya zuwa a kan kari. Wanda gidansu ke wajen gari gara ya nemi ɗan'uwa a cikin gari ya zauna, saboda halin da hanyoyi ke ciki bai dace da tafiyar asuba da ta dare ba. Ya zo da farar riga biyu, takalmi rufaffe, ƙaramin littafin aljihu, kalkuleta, da littafin bayanin magunguna na EMDEX ko BNF ko da a waya ne, tare da kundin ƙa'idojin jinya na ƙasa. Ya tabbatar ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ya fara shiga ɗakunan kwanciya. In makaranta ta ba da zaɓin lokaci, Yuli zuwa Oktoba ya fi yawan aiki da koyo. Ɗalibin aji uku zai wadatu da sito da taga. Na aji biyar da shida kuwa ya je wurin shugaban sashe tun ranar farko, ya roƙi a rubuta masa jadawali mai kwanan wata da sunan wanda zai kula da shi a kowane ɗaki, ya kuma nemi a ƙara masa kwanaki a ɗakin yara da na haihuwa ko da za a rage masa na taga.